Akussan Ƙofar Gidan Kakana

Da zarar an idar da sallar magariba a unguwarmu, cikin birnin Kano, aikina na farko shi ne shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan kakana. Ina ɗan shekara tara ko goma a lokacin, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba. In na gama shimfiɗa sai in shige cikin gida in fara jigilar akussa: na tuwon dawa, na miyar kuka man shanu na yawo a samanta, da ƙwaryar ruwan wanke hannu. Akushi bakwai ake fitarwa kullum, ranar da baƙi suka sauka kuwa su kai goma sha biyu. 'Yan dako su zo da gammonsu a hammata, fatake daga Damagaram da Maraɗi su fito daga ɗakunan zaure, malamin makarantar allo ya iso, wani makaho da jikansa ke yi wa jagora shi ma ya zauna a inda ya saba. Kakana, Alhaji, yakan zauna a tsakiyarsu, hannunsa da na ɗan dako cikin akushi ɗaya. Ban taɓa ji an tambayi wani daga ina yake ba kafin ya ƙoshi.

Wata rana hannuna ya gaji da ɗauka, na ce masa, "Alhaji, wai wannan abincin duk wa yake biya?" Ya dube ni yana murmushi ya ce, "Abokina, goro ke biya. Su kuma su ke ɗauko goron." Na daɗe a duniya kafin in gane cewa duk tsarin kasuwancinsa ya faɗa mini a wannan 'yar amsar.

Kakana ɗan kasuwar goro ne, kuma fatoma. Yaran yanzu da yawa ba su san wannan kalma ba. Fatoma shi ne mai masaukin baƙin 'yan kasuwa: ya ba baƙo ɗaki, ya ciyar da shi, ya adana masa kaya da kuɗi, ya haɗa shi da dillali mai gaskiya, in za a ba da kaya bashi ya tsaya a matsayin lamuni. Ba ya karɓar kuɗin kwana ko na abinci. Abin da yake samu la'ada ce idan ciniki ya faɗa. Baƙo in ya yi rashin lafiya, fatoma ke nemo masa magani. In ya rasu, fatoma ke yi masa sutura, ya ƙidaya dukiyarsa a gaban shaidu, ya aika wa magada ko da suna bayan hamada. Wanda ya yi wa baƙo ha'inci sau ɗaya, labari zai riga shi isa kowane zango, baɗi ya ga ɗakunansa wayam.

Wannan tsari ya girmi kakan kakana. Tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, aka kafa Kasuwar Kurmi, ta zama mahaɗar ayarin Arewa da na Kudu. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari sun shahara da fataucin goro zuwa Gwanja. Ayari yakan tashi da kanwa da tufafi da fatu a kan jakuna, madugu na shugabanta, jagaba na gaba, su ƙetare Kwara ta wajen Yawuri, su ratsa ƙasar Bargu, su yi watanni kafin su ga Salaga. A wannan doguwar hanya babu banki, babu takardar yarjejeniya, babu alƙali ɗaya da hukuncinsa ya game ƙasashen da ake ratsawa. Abin da ya riƙe cinikin shi ne amana, da sanin cewa wanda ka taimaka wa a wannan zangon shi zai ɗauke ka in jakinka ya faɗi a na gaba. Matafiyin nan ɗan Jamus, Barth, da ya shigo Kano a 1851, ya yaba da yadda saƙa da rini suka bunƙasa garin, kuma abin da ya fi burge shi shi ne sana'ar tana cikin gidajen mutane, tana ciyar da iyali ba tare da ta raba mutum da gidansa ba.

A zamanin da na yi wayo jakuna sun huta. Goro yana zuwa ne a taragon jirgin ƙasa daga Shagamu da kewayenta, a cikin huhuna, an naɗe shi da ganye. Goro kaya ne mai son reno. Kowane 'yan kwanaki sai an kwance huhu, an tsince, an canza ganyen da ya bushe, an yayyafa ruwa, an ware goriya daga marsa, an ware marsa daga minu. Ina tuna wata safiya da aka kwance wani huhu aka tarar sankara ta shige shi. Wani sabon yaro a rumfar ya ce a hankali, "Maigida, a zuba masu kyau a sama mana, mutumin ƙauye ne zai saya, kafin ya gane ya yi nisa." Alhaji bai yi masa tsawa ba. Ya sa aka juye huhun duka a kan tabarma a bakin rumfa, inda kowa ke wucewa, ya ce a sayar da shi a farashin mai sankara, a kuma gaya wa duk mai saye abin da ke ciki. Da aka watse ya kira yaron ya ce, "Ɗan nan, wanda kake cewa zai yi nisa, gida zai tafi. A gidan akwai mutum ɗari masu cin goro, kuma duk za su tambaye shi a wace rumfa ya saya."

Ranar an yi faɗuwa, ba shakka. Amma a rumfarsa na saba ganin mutum ya aiko da kuɗi daga Gumel ko Haɗeja a hannun direban mota, ba tare da ya zo ya duba kaya ba, saƙon kawai a ce, "A ba ni irin na kullum." Irin wannan ciniki ba talla ke kawo shi ba.

Har harshen kasuwar ma yana da tarbiyya. Mai saye ya taya, in tayin bai yi ba mai kaya ya ce, "Albarka." Ka duba, da addu'a ake ƙin tayi. In an daidaita ya ce, "Na sallama, Allah ya amfana," mai saye ya amsa, "Allah ya ba da kasuwa." Sannan a ƙirga ƙwarya, goro ɗari cif, a ɗora biyu ko uku a kai, wato gyara. Mai awon hatsi ma haka, sai mudu ya yi tozo ya zubo kafin ya juye. Gyara ba ta da yawa, amma tana gaya wa mai saye cewa ba a so ya tafi da zargi a ransa.

Da sassafe kuma akwai wasu masu ciniki da ba sa zuwa da ko anini: 'yan mata ƙanana da farantansu, aiken iyayensu mata da ke cikin kulle. Kowace za a ƙirga mata ƙwarya ɗaya ko rabi, ta kai gida a kasa, a sayar a unguwa, da yamma ko washegari ta kawo uwar kuɗi, riba ta zauna a hannun uwarta. Da wannan 'yar ribar mata da yawa suka yi adashi, suka tara kwanuka da tasoshi na auren 'ya'yansu, zawarawa suka riƙe marayu ba tare da sun miƙa hannu ga kowa ba. Alhaji bai taɓa kiran wannan taimako ba. Ciniki yake kiransa, kuma ciniki ne, don ta hannun waɗannan yara goronsa ke shiga lungunan da shi da kansa ba zai taɓa shiga ba.

Yana da wani littafi mai bangon fata da yake rubuta bashi a ciki da ajami. Akwai ranar da ba na mantawa. Wani abokin cinikinsa na ƙauye ya rasu da bashin fam goma sha biyu a kansa, kuɗi masu nauyi a wancan lokaci. Bayan sadakar arba'in babban ɗan mamacin, saurayi da bai wuce shekara ashirin ba, ya zo ya durƙusa a zaure ya ce, "Baba, mun san akwai nauyi a kan mahaifinmu. Mun yanke shawara za mu sayar da gonar fadama mu biya." Alhaji ya yi shiru, ya ɗauko littafin, ya buɗe shafin, ya tsoma alƙalami a tawada ya ja layi a kan sunan. Ya ce, "Mahaifinka shekara goma sha biyar muna tare, bai taɓa cin kwabona ba. Na yafe, duniya da lahira. Gona kuwa kada ku kuskura ku taɓa ta, abincin ƙannenka ce." Saurayin ya fara kuka. Alhaji ya jira ya natsu, sannan ya buɗe sabon shafi ya rubuta sunan yaron, ya sa aka ɗaure masa rabin huhu. "Wannan kam bashi ne," in ji shi. "In ka sayar ka kawo." Ya kawo, ya kuma ci gaba da kawowa har bayan ran Alhaji.

Haka kuma yake yi da yaran gidansa. Yaro zai zo yana ɗan ƙarami, uba ya kawo shi ya ce, "Ga amana." Ya fara da sharar rumfa da tsince goro, ya kai ga ƙirga, ya kai ga a aike shi tasha karɓo kaya, har a wayi gari an ba shi jakar kuɗi ya tafi Kudu saro. In ya yi hankali, maigida ya yi masa aure, ya ba shi ɗaki, ranar da ta dace kuma ya tara dattawan kasuwa ya damƙa masa jari a gabansu, ya aika wa masu goro a Kudu cewa, "Wane yarona ne, ku ba shi kaya, in an rasa a zo wurina." Mai gajeren tunani zai ce ya ƙirƙiro wa kansa kishiya a kasuwa. Amma kowane yaro da ya sallama ya zama masa ido da kunne a wani gari, wani a Gusau, wani a Nguru, wani a Damagaram, suna aiko masa da labarin farashi, suna turo masa baƙi. Dattawa ba sa auna attajiri da yawan rumfunansa kaɗai, sukan tambaya, "Mutum nawa ya tsayar?"

Abin da kakana ke yi a 'yar rumfarsa, manyan attajirai sun yi shi a faɗin ƙasa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Turawa auduga suka so a noma musu, manoma suka ga gyaɗa ta fi riba, ga shi in kasuwa ta ƙi ana iya cinye ta. Kamfanonin Turawa suna da kuɗi, amma ba su san manomi ko ɗaya ba a ƙauyukan Kano. Dole suka nemi waɗanda ke da jama'a, wato tsofaffin fataken goro irin su Umaru Sharubutu Koki da Maikano Agogo da Alhassan Ɗantata. Shi Alhassan an haife shi a Bebeji a 1877, ya tashi maraya a hannun wata tsohuwa mai suna Tata, wadda daga gare ta sunan Ɗantata ya samo asali. Ya yi fataucin goro ta Ankara da Ikko, sannan ya shiga sayen gyaɗa, yana ba yaransa kuɗi su bazu cikin ƙauyuka. Lokacin da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano a 1929, kuɗin azurfa ya kai ajiya a kan raƙuma ashirin. Da ya rasu a 1955 ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma. Amma in dattawan unguwannin Koki da Sarari suna hirarsa, ba raƙuman suke fara ambata ba. Sauƙin kansa suke faɗa, da cin abincinsa tare da yaransa, da gidajen da suka tashi da jarin da ya bayar.

Na ga dalar gyaɗa da idona. Buhu a kan buhu, dubbai, an jera su sun yi tsini sama kusa da layin dogo suna jiran tarago, leburori na hawa da gudu da buhu a ka suna waƙa. Kowane buhu a cikin dalar nan ya ratso ta hannun mutane da yawa, manomi da mai jaki da mai awo da maɗinkin buhu da ɗan dako, kuma kowa ya ci abinci a jikinsa.

Zakka kuwa ba a wasa da ita. Shekara in ta zagayo Alhaji yakan rufe rumfa yini guda, shi da malaminsa da babban yaronsa su ƙiyasta kaya, su haɗa da kuɗin hannu da bashin da ake sa ran biya, a fitar da ɗaya bisa arba'in. Ba a tara mutane a ƙofar gida. Bayan sallar isha ake kiran ɗayanmu a ba shi ƙunshi a ce, "Kai wa gidan wane, ka ce ina gaishe shi, kada ka tsaya." Wani lokaci zakkar shekara guda mutum biyu ko uku kawai ake ba, don ta isa jari: wannan ya sayi keken ɗinki, wancan ya sayi jaki. Burin Alhaji shi ne wanda ya karɓa bana, nan da 'yan shekaru shi ma ya fitar.

Ba zan ce kowa haka yake ba, don kasuwa ba ta taɓa rasa ɓata-gari. Akwai masu danne sikeli, akwai masu ba manomi dami ɗaya da damina su karɓi biyu da kaka, kuma arzikin fataken farko akwai gumin bayi a cikinsa. Sai dai a wancan lokaci mai irin wannan hali an san shi, ana nuna shi da baki, ba a ba shi gaban sahu a sha'anin unguwa. Attajiri da talaka katanga ɗaya ta raba su, masallaci ɗaya suke sallah, rijiya ɗaya suke sha. In lambatun unguwa ya toshe, har ƙofar mai kuɗi ruwan ke zuwa. Ba ya iya ƙoshi cikin natsuwa yana jin kukan yaron maƙwabci.

Daga baya abubuwa suka juya. A 1973 fam da sule suka ba naira da kwabo wuri. Fari ya auka wa Arewa a farkon shekarun 1970, a 1975 cuta ta naɗe ganyen gyaɗa ta lalata amfanin shekarar, kuɗin man fetur kuma ya ɗauke hankalin hukuma daga gona. Dala ta yi ta raguwa har ta ɓace, a 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona. Masu hali suka fara barin cikin birni suna komawa sababbin unguwanni, gidaje masu dogayen katangu da ƙofar ƙarfe da mai gadi. Otal ya karɓi aikin fatoma, banki ya karɓi aikin littafin ajami. Gidajen da ake ginawa yanzu da yawa ba a ma yi musu zaure.

Alheri dai bai ƙare ba. Lokacin da Alhaji Aminu Ɗantata, ɗan Alhassan, ya rasu a watan Yunin 2025 aka binne shi a Madina, mutane sun yi ta ambaton cibiyar wankin ƙoda da ya gina a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da makarantu da masallatai. Manyan kamfanoni yanzu suna da gidauniyoyi, suna haƙa rijiyoyin burtsatse, suna ɗaukar nauyin karatun ɗalibai, suna rabon abinci da azumi. Allah ya saka musu. Abin da nake kewa shi ne yadda a da alherin ke cikin cinikin kansa, tun kafin a ƙirga riba. Yana cikin cikar mudu, da biyan ɗan dako kafin guminsa ya bushe, da gaya wa mai saye aibin kaya, da jinkirta wa wanda kasuwa ta juya wa baya. Kamfanin da ya matse ma'aikatansa wata goma sha ɗaya, ya zubar da dagwalon masana'antarsa a rafin da mutane ke sha, buhunan shinkafar da zai raba a wata na goma sha biyu ba za su wanke shi ba. Wanda kuwa ya sayi kayan manoman yankinsa a farashin adalci, ya koya wa matasan unguwa sana'a har suka tsaya da ƙafarsu, ya riga ya sauke babban rabin nauyin da ke kansa, kuma zai ga amfanin haka a cikin littafinsa, don mutanen da ya tsayar su ne masu sayen kayansa gobe.

Shekarun baya na je kasuwar goro ta Mariri sayen goron ɗaurin auren 'yata. Na tsaya a rumfar wani dattijo mai farin gemu, muka yi ciniki, ya ce albarka, na ƙara, ya sallama. Yana ƙirgawa yana dubana, can ya ce, "Malam, kai ba jinin gidan Alhaji wane ba ne, na cikin birni?" Na ce jikansa ne. Ya ajiye goron da ke hannunsa, ya kama hannuna da hannu biyu. Ya ce shi ɗan dako ne a da, yana cikin masu cin tuwon ƙofar gida, kuma ya tuna wani yaro siriri mai kawo akushi yana haki. Daga dako Alhaji ya jawo shi rumfa, daga rumfa ya ba shi jari. Ya nuna mini samari huɗu da ke tsince goro a bayansa, ya ce biyu 'ya'yansa ne, biyu amana ce aka kawo masa, kuma babban cikinsu baɗi zai sallame shi in Allah ya kai mu.

Na miƙa masa kuɗi, ya karɓa ya ƙirga, don ciniki ciniki ne. Sannan ya sa hannu cikin wani huhu na daban ya ɗebo goriya fari tas, cike da tafin hannunsa biyu, ya zuba a kan nawa. Na ce, "Baba, ai wannan ya wuce gyara." Ya ce, "Ba gyararka ba ce, ɗana. Ta Alhaji ce, ta daɗe a wurina."